Allurar Sugan Gwaggo

"Miƙo hannun," na ce mishi.

Ya miƙo. Muna bayan filin dambe a Argungu, ƙarƙashin wani dogon yaro, an sauko daga la'asar, kalangu sai kuka yake daga cikin fili. Na shimfiɗa ƙyalle kan dunƙulen hannunshi, na kama bakin zaren da haƙori yadda na saba, na fara naɗi.

Taubashina ne, ɗan Gwaggo ƙanwar babana. Tun ranar da ya fara shiga fili ni ke ɗaure mishi hannu.

"Bawana, yau ka ɗaure fuska," ya ce. "Ko tumbin ɗan Argungu ya ba ka tsoro?"

Da a da ne sai in ce wa ke bawan wani, uwarka ce ƙanwa, kai ne bawa har jikokinka. Haka muke tun muna yara, kowa na cewa ɗan'uwanshi ne bawa, ba a taɓa gama shari'ar ba. Ran nan na ci gaba da naɗina. Idona na kan damtsenshi. Akwai wani ɗan kumburi a sama kusa da kafaɗa, na sha ganinshi, ya ce man cizon ƙwaron fadama ne. Tun safiyar ranar na san ba ƙwaro ba ne.

Bari in koma baya kaɗan don wanda bai san mu ba.

Mu rundawa ne, gidan fawa. Babana ya yi dambe da ƙuruciya, bai yi suna ba, amma ya iya ɗaurin hannu. Har daga wasu garuruwa ake zuwa ya ɗaure ma mutum. Ni ban gaji bugun ba, ko kaza na bi sai na yi haki. Ɗaurin na gada, da zaren kanshi. Wani zare ne da ya yi baƙi don tsufa da zufa, in ka shinshina sai ka ji warin mutane da yawa. Da zai rasu bai ce komai a kan shi ba, cikin aljihun tsohuwar rigarshi na same shi.

Ɗan dambe ba ya ba kowa hannunshi. Tsoron sammu ne, tsoron kuma ɗaurin banza da zai sa yatsa ya karye. Akwai kuma wata al'ada da muke yi. In ka gama ɗauri, kai mai ɗaurin za ka kama hannun ɗan wasanka ka kai shi gaban dattijon ɓangaren abokin karawa. Ya matsa, ya murza, ya duba ko an cusa ƙarfe ko gilashi ko laya mai kaifi. Sai ya dube ka, ba ɗan wasan ba, kai, ya ce, "Akwai wani abu?" Kai kuma ka ce, "Babu. Ni na ɗaure." Shi ke nan. Maganarka ce ke shiga fili tare da shi. Babana ya ce man mutumin da anka kama da ƙarya a wanga wuri, ko nama ya kasa ba a saye.

Ni shago gare ni a Gwadangaji. Cajin waya, tura waƙoƙi, ruwan leda, zoɓo da kunun aya. Abin da nake taƙama da shi firij ɗina mai sola, ko an kwana nawa ba wuta ni ruwana da sanyi. Ina kuma ɗaukar bidiyon dambe ina sakawa, mutane na kallo ba laifi. Muna da guruf a waya, zauren hira na masu son dambe, 'yan Birnin Kebbi, 'yan Argungu, har da waɗanda ke ci-rani a kudu. Ba abin da ake yi ciki sai gardama.

Da can dambe ba ruwanshi da sikeli. In zuciyarka ta ba ka, ka taka gaban wanda ya ninka ka. Sai masu shirya gasa na yanzu sunka zo da awo, ajin ƙanana, ajin tsakiya, ajin manya. Kallo da kyauta da kirari duk suna ajin manya. Taubashina ɗan ajin ƙanana ne, siriri kamar sandar tuƙa jirgi, ga sauri. A Zauro yake noman shinkafa da Gwaggo, ya hau kabu-kabu ya zo motsa jiki wani fili kusa da shagona.

Damina ɗaya ta wuce, sai ga mutum ya cika ƙofa. Wuya ya haɗe da kafaɗa. Rigunanshi duk ya raba ma ƙanne. Aka hau sikeli, ya tsallake ajin tsakiya gaba ɗaya, ko sallama bai yi musu ba.

A shekarar nan kuma wani ɗan Argungu ya hau ajin manya. Ɗan masunta ne, ya girme mu, ya daɗe a ajin tsakiya yana kisa. Kisa a dambe shi ne ka kai mutum ƙasa, ba wai a yi jana'iza ba. Shi nashi nauyin a ciki ya sauka, da ƙeya, da kumatu. Har anka laƙaba mishi tumbi.

Sai gardama ta tashi a guruf. Wani ya ce mutum biyu sun haye a shekara ɗaya, lalle ɗaya na kan allura. Wani ya ce duk biyun. Wani ɗan Argungu ya ce namu kifi ya ci, ku faɗa muna abin da naku ya ci. Na ce shinkafa. Ya ce to mu ma duk shinkafar muke ci, mi ya sa ba mu zama bijimai ba? Anka yi ta dariya, ana turo hotunan shanu.

Raina ya ɓaci. Ran da taubashina ya zo shago na tambaye shi kai tsaye, ba wasa. Na ce, "Tsakaninka da Allah, akwai abin da kake sha?"

Ya aje ruwan da ke hannunshi, ya dube ni kamar na zagi uwarshi. "Kai ma? Kai da ke ɗaure man hannu? Je ka Zauro ka ga buhunan da nike ɗauka daga fadama zuwa bakin titi, sa'an nan ka zo ka tambaye ni."

Na ji kunya. Na ba shi haƙuri, ni da ban taɓa ba shi haƙuri ba a rayuwata.

A ranar na haɗa bidiyon. Na raba fuskar waya biyu, shi a dama, ɗan Argungu a hagu. Na sa hotonsu na da, na sa na yanzu. Na je Zauro na ɗauko shi yana saɓa buhun shanshera, shinkafar da ba a casa ba, zufa na zuba, laka har gwiwa. Ɗan Argungu kuwa abin da na samu wani tsohon bidiyo ne yana zaune bakin ruwa yana haki bayan wasa. Na ɗora muryata. Na ce ku duba wanga jiki, kowane nama da aikin da ya kawo shi. Ku duba wancan, kumburi ne ko ƙiba? Na ce ni ke ɗaure hannun wanga yaro, a bakin mutuncina da na babana, in akwai mai allura cikin biyun nan to ba namu ba ne.

Yana zaune kan bencin shagona ina haɗawa. Shi ya ce in rage gudun bidiyon wurin hakin don a gani da kyau. Shi ya ce in ƙara "da na babana", ya ce zai fi shiga jikin mutane. Ya tashi ya buɗe firij ya ɗauko zoɓo ya sha, bai biya ba, ya ce bawa ba ya karɓar kuɗin ubangidanshi.

Cikin firij ɗin nan, a can ƙasa ta baya, akwai wani gwangwanin madara naɗe cikin baƙar leda.

Tun farkon damina ya kawo man shi. Ya ja ni gefe ya rage murya. Ya ce an auna Gwaggo an ce ciwon suga gare ta, an ɗora ta kan allura, allurar kuma ba ta son zafi, su ko Zauro wutarsu sai an ga dama. Ya ce ba ta son kowa ya sani, kada dangi su cika ta da sannu da jiƙe-jiƙe. "Ko kai ba ta san na gaya maka ba. Kada ka kuskura ka yi mata maganar."

Na ce Allah ya ba ta lafiya. Na gyara mishi wuri. Kowane mako ya zo ya ɗauka, ya dawo da shi. Ban taɓa buɗewa ba. Wa zai buɗe maganin gwaggonshi? In batir ya yi rauni sai in fitar da lemun sayarwa su yi zafi, in bar ma gwangwanin sanyin. In na je Zauro in ce mata ya jiki, ta ce da sauƙi, kamar yadda kowace tsohuwa ke cewa. Kunun aya da nake kai mata, mai dabino, wanda take so kamar ranta, na daina. Sai in kai mata kokwamba. Tana karɓa tana kallona.

Bidiyon ya zaga. Masu shirya gasa sunka ga gardama ta yi zafi, sunka haɗa su wasa a Argungu bayan girbi. Taubashina ya riga ni tafiya da mutanenshi don ya saba da wuri.

Safiyar wasan batirin solana ya mutu murus. Ga shi zan rufe shago. Na ce maganin Gwaggo zai lalace. Na sayi ƙanƙara, na sa gwangwanin cikin ƙaramar kula, na ɗaure bayan mashin. Zauro kan hanyar Argungu take, na ce in miƙa mata ko da za ta ji haushin na sani, ta ba maƙwabta masu janareto.

Na iske ta tsakar gida tana jiƙa ma bijiminta dusa. Kowace shekara tana kiwon ɗaya. Munka gaisa.

"Ɗan Yaya, mi ka kawo man? In kokwamba ce koma da abarka. Ni akuya ce? Tun da kasuwa ta buɗe maka ka koyi rowa, kunun ayar ma ka hana ni."

Na ce, "Gwaggo ba rowa ba ce. Saboda sugan ne."

"Wane suga?"

Na ɗauka ɓoyon ne. Na ce ta yi haƙuri, na sani, ba kuma wanda na gaya ma. Na buɗe kular na miƙa mata gwangwanin. Na ce ga allurarta, firij ya lalace.

Ta goge hannu da zane. "Wa yac ce maka ina da suga? Ni rabona da allura tun haihuwar autana."

Ta warware ledar, ta sa wuƙa ta ɓalle murfin. Ƙananan kwalabe ne a jere, da sirinji a gefe. An kankare takardun jikinsu, amma ɗaya ba ta kankaru duka ba. Rabin hoton kan bijimi ya rage, ƙaho ɗaya da ido ɗaya.

Gwaggo ba ta karatun boko, amma ba ta buƙata. Ta ɗaga kwalbar ta kalli rana da ita. Ta juya ta kalli bijiminta. Ta ce masu kiwo na yin wagga allura don bijimi ya cika ido kafin ranar kasuwa, an sha kawo mata talla har gida.

"Ko wanga dabba ban yarda an yi mishi ita ba," ta ce. "Na ce mutane za su ci naman."

Sai ta zauna kan turmi. Ba ta yi kuka ba. Ta ce shi ya sa bayan ɗanta duk ƙuraje. Shi ya sa ya daka ma ƙanwarshi tsawa kan ruwan wanka har ta saki bokiti. Ta ce, "Da ciwona ya yi ƙarya? Ciwon da ba ni da shi?" Ta faɗa ta sake faɗa. Ni ina tsaye da kula a hannu, ƙanƙara na narkewa kan takalmina.

Ban san yadda na kai Argungu ba. Na dai tuna na wuce masu shanya shinkafa bakin titi, na kusa hawa kan tabarmar wata mata, ta bi ni da zagi.

Kafin in ga taubashina, ɗan Argungu na fara gani. Bakin wurin aje mashina, yana zaune kan benci yana shafa ma gwiwarshi man zafi. Ban taɓa ganinshi ido da ido ba. Shi ya gane ni.

"Kai na mai bidiyo?"

Na ce ni ne.

Ya yi dariya, tumbin na motsi. "Yau don Allah ka ɗauke ni ta gefen da cikin bai fito ba. Matata ta ce ka ɓata mata suna, an ce ba ta iya kiwo ba sai da allura."

Mutanenshi sunka yi dariya, ba duka ba. Ya ce in zauna. Ya ce shi ba wani sirri, gwiwa ce ta hana shi gudu, sannan ya sa ma jirginshi inji ya daina tuƙi da hannu, cin tuwon ko bai ragu ba. Sikeli ya kore shi daga ajinshi, ba shi ya nemi hawa ba. Ya ce nauyin ma cutarshi ya yi, yanzu in an shiga turmi na biyu, wato zagaye na biyu na wasa, numfashi ke gagararshi.

Sai ya rage murya. "Abu ɗaya ya yi man zafi. An nuna ma tsohuwata a waya. Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata. Sai da na dafa Alƙur'ani." Ya dafa kafaɗata. "Ba komai. Ɗan'uwanka ka kare. Ni ma da ina da mai tsaya man haka, da na ji daɗi."

Da zagina ya yi da ya fi man sauƙi.

To mun dawo ƙarƙashin dogon yaro. Na yi naɗi ya kai rabin hannu. Mutanenshi sun ba mu wuri yadda aka saba, ba a tsayawa kan mai ɗauri.

Na cire zaren daga bakina na ce, "Na biya Zauro."

"Ya Gwaggo?"

"Ta ce in gaya maka sugan ya warke."

Hannun ya yi tauri cikin nawa. Ya waiga ya ga ba kowa kusa.

"Ka buɗe?"

"Ita ta buɗe."

Na jira. Wallahi na jira, na ce ko zai sunkuyar da kai, ko ya ce bawana na cuce ka. Da ya faɗi haka ban san abin da zan yi ba, wataƙila da na ƙarasa ɗaurin. Abin da ya fito bakinshi shi ne, "Wa ya aike ka ka kai mata?"

Na ce, "Abin da za ka ce ke nan?"

"Mi kake so in ce? Kowa na yi. Kana jin manyan nan da kake ɗauka a waya fura ce ta gina su? Shekara nawa ina ajin ƙanana, ana kiran wasana mutane na sayen gyaɗa? Kai kana da shago, kana da sola. Ni mi gare ni? Ruwa ya ci gona, sai in ci mi?"

"Ka tambaye ni firij, da na ce a'a ko i. Ba ka tambaye ni ba. Ka sa na rantse da babana."

"Ni na kama bakinka?"

"Kai ka ce in ƙara."

Ya ja tsaki. Daga fili anka fara kiran kirarinshi, makaɗin na jan sunan garinsu, Zauro ta shinkafa. Ya matso da fuska kusa da tawa, idon nan ja.

"Ji nan. Tsohon can hannu zai matsa. Ba jini zai auna ba. Akwai ƙarfe ciki? Akwai gilashi? To ka ce babu, mu wuce. In mun koma gida ka zage ni har safe."

Gaskiyarshi ta wani wajen. Kakanninmu da sunka kafa wagga al'ada dunƙule suke tsoro. Ba wanda ya kawo ma ranshi cewa za a zo lokacin da abin zai bar dunƙule ya koma cikin damtse. Duk filin nan, dattawa da alƙalin wasa da masu sikeli, kowa zai zuba ido kan tafin hannu ɗaya, ga mutum sukutum a tsaye ba mai tambayarshi. Amma ni na san abin da tsohon ke tambaya in ya dube ni. Tambaya yake in bar yarona ya tsaya gaban naka?

Na fara warware zaren.

"Mi kake yi?"

Na ci gaba da warwarewa ina naɗe shi a hannuna.

"Bawana. Kai. Bawana, bar wasa, ana kirana."

Ya iya fizge hannun, ya iya ture ni da yatsa ɗaya in faɗi. Bai yi ba. Ya tsaya yana kallon zaren na barin hannunshi. Ƙyallen ya faɗi ƙasa. Na sa zaren babana aljihu, na juya.

Abin da ya faɗa bayana ba zan rubuta ba, da uwata ciki, wadda ta goya shi.

Na so in ce muku abin ya tsaya nan. Bai tsaya ba. Cikin mutanenshi wani ya ciro zare sabo fil daga jaka, ashe da ma suna da shi. Ya ɗaure mishi. Ya kai shi gaban dattijon 'yan Argungu. Ina hange daga bayan shinge, tsohon ya matsa, ya murza, ya leƙa bayansu kamar yana neman wani, sai ya yi tambayarshi. Wancan ya amsa. Anka busa usur.

Na iya ketawa in je wurin tsohon. Tazarar ba ta da yawa. Ban je ba. Ina ta ganin Gwaggo kan turmi.

Turmin farko ba kisa. Ɗan Argungu ya san dambe, yana kaucewa da kai kawai, yana tare bugu da hannun garkuwa, har ya sa ma taubashina ɗaya a haƙarƙari fili ya ɗauka. Turmi na biyu numfashin ya fara, yadda ya gaya man. Hannun garkuwar ya sauka kaɗan. Na ji ƙarar bugun taubashina daga inda nake, kamar an fasa ƙwarya. Ɗan Argungu ya tafi ƙasa gaba ɗaya, bai ko kare fuska ba. Anka zuba mishi ruwa, anka yi fifita da riga. Da ya tashi bakinshi ya karkace.

'Yan Birnin Kebbi sunka ɗauki taubashina a kafaɗa. Wani da ya san ni ya rungume ni yana ihu, "Ka faɗa! Wallahi ka faɗa! Ina wayar, ba ka ɗauka ba?" Wayar na aljihu tare da zaren.

Muƙamuƙin ɗan Argungu ya karye. An ɗaure mishi baki, na ji an ce kunu yake sha da tsinken roba. Mai kamun kifi, ga kifi a gida.

Na goge bidiyon a ranar. Banza. Ya riga ya shiga wayoyin mutane. Har yau in gardama ta tashi a guruf sai wani ya turo shi, ya ce ga mai ɗaure mishi hannu ma ya rantse da ubanshi. Muryata ke nan tana yawo tana yi mishi aiki, ni ina zaune shago.

Taubashina kuwa saƙon murya yake turo man. Ba haƙuri ciki. "Bawana, fushin ya isa haka. Wancan yaron bai iya ɗauri ba, yatsana ya kumbura. Ka zo da zaren tsoho." Yana dariya ciki, kamar rigimar ƙwallo munka yi. Ina saurare in goge. Wani lokaci sai na saurara sau biyu, don muryar ta wanda munka yi wanka a fadama tare ce, ba ta canza ba sai kauri.

Makon jiya Gwaggo ta zo. Ita da ba ta son hayaniyar birni, ta hau keke har ƙofar shagona. Na ba ta kunun aya mai sanyi, na sa dabino da yawa. Ta riƙe ba ta sha ba. Ta ce kwalaben ta zuba su masai. Ta ce ta yi mishi magana, ya ce ya daina, ita ba ta yarda ba, amma tana kan yi. Sai ta kama hannuna.

"Ɗan Yaya, ka rufa muna asiri. In ka faɗi, ba shi kaɗai za a nuna da baki ba. Ƙannenshi mata na nan gida. Ka ba ni lokaci."

Na ce to, Gwaggo. To ɗin da ake ce ma babba, ba na alkawari ba. Ita ma ta san haka, don ta daɗe tana kallona kafin ta saki hannun.

Yanzu an sa mishi wani wasa bayan Sallah, da wani yaro ɗan ajin tsakiya da ya hau sabo, an ce ko shekara ashirin bai cika ba. Kwalabe sun tafi, ba wurin awon jini, ba abin da ya rage sai bakina, bakin da ya riga ya rantse sau ɗaya a kan akasin haka. Na ɗauki sabon bidiyo na goge, na sake ɗauka. Yana nan cikin wayar da nake rubuta muku wanga abu, ban saka ba. Firij na gyara shi, wurin gwangwanin har yau ban sa komai ba.

Ku da kuke karantawa, in ku ne ke riƙe da wayar nan, ga Gwaggo ta kama hannunku, ga yaron mutane zai tsaya gabanshi bayan Sallah, za ku saka ko za ku goge?